Kunnen Baƙo

Ga mutumin Kano ko Zariya, in aka ce wane ya tafi ƙasar waje, abin da ke zuwa a rai shi ne fasfo da jirgin sama da 'yan rakiya. A ƙasar Bagudo ba haka abin yake ba. Mutumin Lolo yana iya yin sallar Asuba a gida, ya hau kabu-kabu, kafin hantsi ya dubi ludayi yana Madekali cikin Jamhuriyar Benin, in ya ƙara gaba ya shiga Malanbil. Na Tsamiya kuwa Segbana ta Benin ce maƙwabciyarsa. Ƙasar waje ta fi Birnin Kebbi kusa da su. Agogo ba ya canzawa, gero da shinkafar da ke gonaki iri ɗaya ne, sai dai kuɗi ya koma sefa, rubutun allunan hanya ya koma Faransanci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar zama kwana 90 a ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba, amma mutanen nan sun daɗe suna kai da komo kafin a san za a rubuta ta.

Ana ƙetarawa don albasa da shinkafa, don shanu, don gaisuwar mutuwa ko ɗaurin auren ɗiyar ƙanen uba. Ban taɓa jin wanda ya ce ya ƙetara zuwa waɗannan garuruwa don sauraron waƙa ba. Amma waƙar tana samun mutum a can ko bai neme ta ba, domin matafiyi in dare ya yi masa a garin da ba nasa ba, ba shi da iyalin da za su riƙe shi da hira. Inda ya ji kiɗa, nan ƙafa take kai shi. Abin da ke samun kunnen mutum a irin wannan zama shi nake so mu duba, don na lura ba irin jin da muke yi wa waƙa a gida ba ne.

Iyakar nan yarinya ce a shekaru. Ƙasar Bargu guda ce a da, da manyan gidajen sarauta a Busa da Nikki da Illo. A 1894 Lugard ya yi tseren isa Nikki da wani hafsan Faransa mai suna Decoeur, kowa na son ya riga ƙulla yarjejeniya da sarki. Lugard ya riga shi da 'yan kwanaki, amma da aka zauna a Faris ranar 14 ga Yunin 1898 sai aka bar wa Faransa Nikki, Ingila ta riƙe Busa da Illo. Kafin su, fataken goro masu zuwa Gwanja sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa, suna yada zango a Kandi da Jugu, kuma Dandanci, ɗan'uwan Zabarmanci, shi ne harshen kasuwa a waɗannan garuruwa har gobe. Kakakin da ake busa wa sarkin Nikki a bikin Gani cikin watan Mauludi, in ɗan Gwandu ko Argungu ya ji shi ba zai tambayi mene ne ba. Saboda haka baƙuntar da nake magana a kai rabi ce: kiɗan sananne ne, kalmomin ne baƙi.

Mawaƙin da nake nufi kuma ba mai tawaga ba ne. A wurin makaɗan fada, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ko Sani Ɗandawo na Yawuri, jagora ne ke ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa su ƙarasa, makaɗa na gefe, sanƙira na ƙara wa kirari gishiri. Akwai kuma wanda ke zama shi kaɗai da abin kiɗansa: shi ya tsara maganar, shi ya sa mata kari, shi ke kaɗawa, shi ke rerawa. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kowa ya fi sani, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya da waƙoƙinsa kan karen mota da lebura da rikicin ma'aurata. Haruna Uji ya yi irin haka da gurmi a Haɗeja. A kudancin Benin an yi G. G. Vikey, ma'aikacin gwamnati mai kaɗa jita, wanda ya rasu a 2013 ya bar waƙoƙin da ya tsara da kansa, yawancinsu da Faransanci. Irin wannan mawaƙi ba shi da wurin ɓuya. In magana ta yi rauni babu amshin da zai rufa mata asiri, in murya ta sarƙe kowa ya ji, in ya faɗi abin da ya sosa wa wani rai ba zai ce ubangida ne ya aiko shi ba. Shi Hausawa suka fi nufi da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na zauna gaban irinsa a Malanbil cikin rani, lokacin da albasa ta cika kasuwa, bayan an datse gadar da ta haɗa garin da Gaya ta Nijar. Da sojoji suka hamɓarar da Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, gadar ta rufu. Da aka janye takunkumin a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe. Manyan motoci suka yi dogon layi a bakin hanya, talakawa suka koma kwalekwale. Mai masaukina dattijo ne daga Dandawa, dillalin albasa, mai Hausa irin ta bakin Kwara. Bayan Isha'i ya leƙo ya ce, "Tashi, ɗana. Maƙwabcina ya yi suna yau, akwai mai molo. Baƙo bai kwana da sauran dare."

An shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har bakin titi, maza a gaba, mata can wajen zaure, yara sun cika duk inda ya rage. Fitila mai sola guda tana rataye a jikin darbejiya. Mai molon mutum ne da furfura ta fara kamawa, ya harɗe a kan tabarma, wani yaro ya durƙusa yana riƙe masa makirfo kusa da baki, wayar ta tafi ga wata ƙaramar lasifika mai batir. Ya daɗe yana ɗaure tsirkiya, ya taɓa ya saurara, ya sake ja, ba wanda ya hanzarta shi.

Ya fara da abin da kowane mawaƙi ke farawa da shi a gidan suna: maigida da kakanninsa, mai jego da danginta. Wannan ko ba tafinta na gane, don na ji sunaye na wucewa, na kuma ga mutane na tashi ɗaya bayan ɗaya suna ajiye sefa a gabansa. Kada wani ya ɗauka mutanen can sun fi mu natsuwa, ko ba su son yabo. Yadda muke haka suke. Bambancin a wurina yake. Duk taron ni kaɗai na tabbata ba za a kira ni ba. Mawaƙin bai san ubana ba, bai san garinmu ba, ba ya bina bashin kyauta, ni ma ba na binsa bashin kirari.

Sai kunnena ya sami sarari. Na ji yadda babban yatsansa ke riƙe da tsirkiya guda ba ta hutawa, sauran yatsun na yawo a kanta. Na ji inda yake jan numfashi, kullum dab da kalmar da yake so ta yi nauyi. Na ji yana sassauta kiɗa in zai faɗi magana, ya ƙarfafa shi in ya gama, don jama'a su sami lokacin haɗiye ta. Akwai wani yanki da yake ta komawa kansa, kowane karo da ɗan bambanci a wutsiya, kuma na lura dattawan wurin wannan bambancin suke jira, shi ke sa su gyaɗa kai. Duk waɗannan mawaƙanmu na yin su, tun ina yaro ake yin su a gabana a bukukuwa. A can ne suka rarrabu mini, na ji kowanne shi kaɗai.

Da dare ya tsala sai ya bar yabo. Ya sauya ɗaurin tsirkiya, ya shiga wata waƙa da babu sunan kowa a ciki. Masu tashi da kuɗi suka daina tashi, hira ta mutu, mai shayin da ke gefe ya ajiye kofunansa. Daga wajen mata aka ji wata ta yi salati. Na matsa kusa da mai masaukina na ce, "Baba, mi yac ce?" Ya ɗaga mini hannu in dakata. Sai da mawaƙin ya kai wurin da yake yin shiru ya bar molo shi kaɗai, sannan dattijon ya sunkuyo ya faɗa mini a taƙaice. Tsohuwa ce a wannan gaɓar, ɗiyarta na aure a Gaya, ta haihu. Kowane dare tsohuwar na hango fitilun garin, gada a rufe, ita kuwa ba ta shiga jirgin ruwa tun da kogi ya ci mata ɗa. "Shi yay yi ta da kanai," in ji shi. "Duk gidan da kash shiga nan, akwai irin tsohuwar ga."

Tun kafin ya buɗe baki na riga na san waƙar ta rabuwa ce. Muryar ta faɗa mini, shirun jama'a ya faɗa mini, yadda molon ke sauka ƙasa a ƙarshen kowane layi ya faɗa mini. Fassarar ta ba ni gada da kogi da tsohuwa, amma baƙin cikin ya riga ta isowa. Wannan ya nuna mini cewa kaso mai yawa na aikin mawaƙi ba a cikin ma'anar kalmomi yake ba, kuma wanda ya san harshen yakan tsallake wannan kason don ma'ana ta riga ta ƙosar da shi.

To yaya muke jin waƙa a gida? In mawaƙi ya zo garinmu, kowa na zuwa da lissafinsa. Alhaji na jiran a kira shi, yana kuma lura ko an kira abokin hamayyarsa kafin shi. Yaransa na ƙidaya nawa wane ya liƙa. Matasa sun ɗaga wayoyi, idonsu na kan gilashin waya, suna neman daƙiƙun da za su tura wa abokai. Mai zambo a zuciya na jiran ya ji wa za a taɓa yau. Mutum a wannan hali yana kama da mai zaune a layin asibiti yana jiran a kira sunansa: duk abin da ake faɗa yana shiga kunnensa, amma kalma ɗaya kawai yake saurare. In ta fito ya miƙe, in ba ta fito ba ya tafi gida yana cewa wasan bai yi armashi ba.

Ba ina tsine wa yabo ba ne. Da yabo mawaƙanmu suka ci abinci shekaru aru-aru, kuma a cikin waƙoƙin fada ne tarihin gidajen sarauta da yaƙe-yaƙe da sunayen garuruwan da suka shuɗe ya tsira. Wanda ya natsu ya ji Narambaɗa ya san yabo ba ya hana hikima. Damuwata ita ce abin da ke faruwa da mawaƙi in ya lura duk masu sauraronsa suna suka zo saye. Shi ma ɗan'adam ne, mai iyali. In ya ga waƙar da ya kwana bakwai yana saƙa ba ta kawo ko kwabo, jerin sunaye kuwa na cika aljihu, zai bar saƙa ya koma jeri. Mu muka koya masa. Abin ya ƙara muni da aka shiga zamanin da ake kunna waƙa daga kwamfuta a filin wasa, mawaƙi na riƙe da makirfo yana motsa baki. Akwai masu basira ƙwarai a cikin mawaƙan situdiyo, irin su Aminu Ala, masu rubuta waƙarsu da hannunsu, ba kuma a raina wannan. Amma taron da aka tara don a ji mutum, sai aka ji na'ura, an tauye wa jama'a haƙƙi, an kuma tauye wa mawaƙin, don ba zai taɓa sanin inda jama'a ke yin shiru a waƙarsa ba, balle ya gyara ta gobe.

Na san akwai masu ganin kiɗa gaba ɗaya abin gudu ne. Malamai sun yi magana a kai, kowa da hujjarsa, ba kuma da su nake ja ba. Maganata da wanda ya riga ya shimfiɗa tabarma ya zauna ce: tun da ka zauna, ka ji abin da mutumin yake faɗa.

Sai dai kunnen baƙo ma yana da nasa naƙasu, kuma bai kamata a ɓoye ba. A daren nan an yi dariya sau da yawa ta wuce ta kaina. Habaici ba ya ƙetare iyaka, don yana buƙatar ka san wanda ya ci bashi bai biya ba, da wadda ta yi yaji, da wanda ya nemi sarautar unguwa ya rasa. Muhammadu Gambu na Fagada, da ake kira mai waƙar ɓarayi, in baƙo ya ji shi zai ji kalangu da murya mai kaifi, amma ba zai san me ya sa 'yan ƙasar Kabi ke kallon juna suna murmushi ba. Baƙon da ya ɗauka ya gama gane waƙa don ta taɓa shi, ya ruɗi kansa. Yana iya tafa hannu a wurin da ake makoki. Shi ya sa mutum irin mai masaukina yake da daraja. Bai fassara mini komai da komai ba, bai kuma yi magana a kan muryar mawaƙi ba. Ya bari na ji tukuna, sannan ya ba ni abin da kunne kaɗai ba zai kawo ba. Ji biyu ne suka haɗu a tabarmar nan, nawa da nasa, kuma kowanne shi kaɗai gurgu ne.

Akwai kuma ladabin da zaman ke nema daga baƙo. Kada ya ɗaga waya ya naɗi muryar mutum bai tambaye shi ba, don waƙar ita ce gonarsa. In zai yi kyauta ya yi daidai da yadda 'yan gari ke yi, ya ajiye ya koma mazauninsa. Na ga 'yan kasuwarmu da ke shiga taron mutane a ƙetare su zaro damin kuɗi don a san ɗan Najeriya ya iso. Nan take mawaƙi zai aiko yaro ya tambayo sunansu, waƙar da ake ciki ta katse, a koma kirari. Sun sayi suna, sun kuma zubar da abu guda da baƙunta ta ba su kyauta.

In aka duba tarihin kiɗan yankin nan, za a ga sau da yawa baƙo ne ya fara tsayawa ya ce wannan abu ya cancanci a adana. Littafin da ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da kalmomin makaɗa, wanda ya fito a 1971, David Ames da Anthony King ne suka rubuta shi bayan sun zauna da makaɗan Zariya da Katsina. A Faraku, babban birnin arewacin Benin, an yi wata ƙungiya mai suna Super Borgou ƙarƙashin Moussa Mama, suna waƙa da Barganci da Dandanci a shekarun 1970. Fayafayansu sun warwatse, sun yi ƙura, sai da wani kamfani na birnin Frankfurt a Jamus, Analog Africa, ya bi su ya tattara ya sake fitar da su a 2012, duniya ta ji. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Malam Mamman Barka na Nijar, malamin makaranta kuma gwanin gurmi. Shi Batube ne daga Tesker, ba Buduma ba, amma shi ya tafi bakin Tafkin Chadi a 2002 ya durƙusa gaban dattijon da ya rage yana kaɗa biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, ya koya a hannunsa lokacin da 'ya'yan gida suka juya masa baya. Daga baya ya kai biram har dandalin Turai kafin rasuwarsa a 2018. Ba wai 'yan gida ba su yi komai ba. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata tun 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekaru yana rubuta tarihin makaɗa da hanyar nazarin waƙar baka. Amma su ma sai da suka ja da baya kaɗan daga layin masu jiran suna, suka zauna inda baƙo ke zama, sannan suka ga abin rubutawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan na dawo shi ne, mutumin Bagudo ba ya buƙatar sefa kafin ya zama baƙo a gaban waƙa. Ƙaramar hukumar nan cike take da harsuna. Akwai Busawa a ƙasar Illo, akwai Dandawa da Zabarmawa a bakin kogi, akwai Fulanin Ka'oje da rugagensu, akwai Kyangawa. Kowanne yana da masu waƙar noma da su da kiwo da aure, mutanen da ke tsara magana da bakinsu su rera ta a gaban 'yan ƙauyensu. Mu masu Hausa kaɗai a baki muna wuce su a kasuwar Lolo ko ta Tsamiya, mu ji amo daga nesa mu ce yare ne ake yi. Mutumin da zai biya kuɗin mota ya je Kwatano, ya sayi tikiti ya ga Angélique Kidjo mai lambar Grammy biyar tana waƙa da harshen da bai sani ba, ya dawo yana ba da labari, shi ne ba zai tsaya minti goma gaban mai goge Bafulatani a bayan garinsu ba. Hausa ta yi ƙarfi a ƙasar nan har ta sa muna ganin duk abin da ba a faɗa da ita ba bai kai a saurara ba, kuma wannan hasara ce gare mu kafin ta zama gare su.

Maganar Kyangawa ta fi gaggawa. Yawancinsu sun koma Hausa ko Dandanci, harshen ya rage a bakin mutanen wasu 'yan ƙauyuka a ƙasar Illo da ƙetaren iyaka. Masanin harshe Ross Jones ya yi aiki a kan Busanci da danginsa, har da Kyanganci, ya rubuta kalmomi da nahawu. Amma ƙamus na riƙe kalma ne, ba ya riƙe inda mawaƙi ke jan numfashi. In tsohon da ke tsara waƙa da harshen ya kwanta dama, jikokinsa na waƙar Hausa a waya, babu inda za a sake samo ta.

Ga kuma dare da ke ƙara ƙuntata. A arewacin Benin 'yan bindiga sun addabi yankin Alibori, inda Malanbil da Kandi da Segbana suke. A watan Afrilun 2025 gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a hari guda a wajen gandun dajin W. A gefenmu Lakurawa sun kai hari Mera cikin ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, kuma mutanen ƙauyukan da suka shiga a Sakkwato sun ba da labarin yadda ake hukunta matasa don an sami waƙa a wayarsu. Inda tsoro ya shiga, taron dare ne ke fara mutuwa. Ana yin suna da rana a watse kafin Magariba, mai molo ya rataye molonsa ya koma gona. Ba a lissafa wannan cikin asarar rashin tsaro, don ba a binne kowa, amma asara ce.

Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Akwai ɗaliban harsuna a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da kwalejin ilimi ta Argungu, da yawansu 'yan wannan yanki, kowace shekara suna neman abin da za su rubuta kundi a kai, su ƙare a kan mawaƙan da an riga an yi wa kundi goma. Wayar da ke aljihunsu ta isa naɗar murya. Su haye gadar Tuga, su nemi izinin mai gari da na mawaƙin, su zauna su ji waƙar har ƙarshe kafin su yi tambaya. Su rubuta sunansa da na wanda ya koya masa, da lokacin da ya yi waƙar da abin da ya sa ya yi ta. Su sami dattijo mai harsuna biyu ya fassara a nan take, tun habaicin na da ɗumi, su biya mawaƙin haƙƙinsa, su bar masa kwafi, su kai wani gidan rediyon jiha. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwan Kwara ya janye daga hanyoyin fadama, amfanin gona ya shiga rumbu, aka fara ɗaura aure.